Ta'aziyyar Da Ake Yi Da Alƙalami



Ranar da wani aminina ya cika kwana huɗu da rasuwa a nan Manchester, na koma gidansa da la'asar domin in kwashe kujerun da muka aro daga masallaci. Kwana uku gidan bai rabu da jama'a ba. Takalma jibge a bakin ƙofa, kulolin tuwo da shinkafa jere a kicin, 'yan'uwa sun zo daga Landan da Leeds da Birmingham. Ran nan kuwa tsit. Ina cikin loda kujeru a mota sai matarsa, wadda ta riga ta shiga takaba, ta aiko babbar 'yarta ta ce in ɗan dakata. Daga bayan ƙofar falo ta miƙo mini wata leda cike da ambulan, wasu an buɗe, da yawa ba a buɗe ba. Ta ce: "Malam, duk da sunansa suke zuwa. Shi ne yake duba su. Ni ban san wadda zan fara da ita ba, kuma da na ga sunan sai in kasa karantawa."

Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, za a duba." Amma na daɗe zaune a cikin mota ledar tana kan cinyata. Cikin ɗimbin mutanen da suka yi wa marigayin salla, ba wanda ya tambayi wannan leda, har da ni da nake kiran kaina amininsa. Tun daga ranar wata tambaya ta riƙe ni, kuma ita nake so mu duba tare: mece ce ta'aziyya, kuma yaushe ne mutum zai ce ya sauke ta?

A Kano inda na tashi, mutum kan rasu da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabartar Dandolo. Aikin yana da yawa, sai dai a rarrabe yake. Wani ya tafi sayen likkafani, wani ya ɗauko makara daga masallaci, samari sun wuce haƙa kabari, maƙwabta sun ɗora tukunya. Idan bashi ne, kafin a tayar da salla za a yi shela cewa duk mai bin mamaci ya ga wane. Idan gado ne, akwai baffa, akwai malamin unguwa, in ta yi tsanani akwai alƙali. Da yake ba wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ba mu taɓa ganin nauyin a dunƙule ba. Da muka zo Ingila, mun zo da zaman makoki da addu'a da kuloli. Rabon aikin ne muka baro a gida, domin aikin da muka iya ba shi ne ake buƙata a nan ba.

A nan mutuwa tana zuwa da takardunta. Tun ranar 9 ga Satumban 2024, babu rasuwar da za a yi wa rajista a Ingila sai wani likita mai zaman kansa ya yi bitar abin da likitan farko ya rubuta a matsayin sanadin mutuwa, ko kuma maganar ta je gaban alƙalin binciken mutuwa, idan rasuwar ta zo kwatsam ko ba a san dalilinta ba. Daga nan doka ta ba da kwana 5 a je ofishin rajista na ƙaramar hukuma. A can ake ba da koriyar takardar nan wadda in babu ita, ko izinin alƙalin binciken, ba a rufe kowa, ko a Southern Cemetery ta Manchester, ko a Handsworth da Sutton New Hall na Birmingham. Idan dangi sun dage sai an kai gawa gida, dole a sanar da alƙalin binciken a jira izininsa, sannan a tanadi dubban fam.

A wannan mataki mun yi sa'a, domin waɗanda suka riga mu zuwa, musamman 'yan'uwanmu 'yan asalin Pakistan da Bangladesh, sun share mana hanya. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kusa kashi 30 cikin 100 na mutanen Birmingham, kuma sun haura kashi 22 na mutanen Manchester. Manyan masallatai irin su Babban Masallacin Birmingham da ke Highgate, da na Green Lane da ke Small Heath, da Babban Masallacin Manchester da ke Victoria Park, sun san kan wanka da sutura da kai mamaci makwancinsa. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsananta, 'yan sa-kai na masallacin Ghamkol Sharif a Birmingham sun mayar da filin ajiye motoci ɗakin ajiyar gawa na wucin gadi, don kada Musulmi su rasa sutura. Saboda haka har zuwa bakin kabari ba kasafai ake barin mutum shi kaɗai ba. Kaɗaici yana farawa ne bayan an naɗe tabarmi.

Da na zazzage ledar nan a kan teburina, ga abin da na tarar: wasiƙar banki, ta mai gidan haya, ta harajin gida, ta wuta da gas, ta inshorar mota, ta fansho daga wurin aikinsa, da wata daga kamfanin da yake bin sa kuɗin katin bashi. Kowace tana buƙatar takardar shaidar mutuwa, wadda ake sayen kowace kwafi a kan fam 12.50. Akwai tsarin gwamnati mai suna Tell Us Once da ke sanar da hukumar haraji da ta fansho da ta fasfo da ta lasisin tuƙi a lokaci guda, amma sai an yi amfani da lambar da aka bayar cikin kwana 28, kuma bai shafi banki ko kamfanin wuta ba. Waɗannan sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ma'ana, matar da ko sunan mijinta ba ta iya karantawa a bayan ambulan, ita ce za ta ɗaga waya sau goma ko fiye, ta gaya wa baƙuwar murya da Turanci cewa mijinta ya mutu, ta faɗi ranar, ta maimaita harufan sunansa.

To, ɗaukar mata wannan aiki ta'aziyya ce, ko kuwa wata hidima ce ta daban da mutum zai yi in ya samu sarari? Na daɗe ina ɗaukar amsa ta biyu. A ganina na da, ta'aziyya ita ce zuwa da zama da addu'a da kalmar haƙuri, takardu kuwa sha'anin duniya ne, har ma ina jin kamar rashin ta-ido ne a ambace su a gidan makoki. Abin da ya sauya mini tunani shi ne komawa ga abin da na karanta tun ina ƙarami ban lura da shi ba.

Kalmar ta'aziyya a asalinta na Larabci tana nufin ƙarfafa wa mutum zuciya har ya iya haƙuri. Ba a ƙayyade cewa da baki kaɗai ake yin haka ba. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Allah Ya yarda da shi, ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci, kuma ya faɗi dalili: abin da ya same su ya shagaltar da su. Mun riƙe abincin, mun manta dalilin. Dalilin kuwa shi ne asalin hukuncin, wato a ɗauke wa mai juyayi aikin da juyayi ya hana shi yi. A Madina ta wancan zamani aikin shi ne niƙa da girki. A Manchester ta yau, inda mutum zai iya sayen abinci ta waya cikin minti biyu, aikin da ya fi gagarar mai juyayi yana cikin ledar nan.

Ruwayar ba ta tsaya nan ba. Abu Dawuda ya kawo cewa Annabi ya bar iyalin Ja'afar kwana uku, sannan ya je musu, ya sa aka kawo masa 'ya'yan, ya aika aka kira wanzami ya yi musu aski. Ku dubi lokacin, ku dubi aikin. Ya zo ne a daidai ranar da mu muke watsewa, kuma abin da ya yi shi ne ƙaramin aikin da uwa mai kuka ba za ta tuna da shi ba. Haka kuma Bukhari ya kawo labarin Jabir ɗan Abdullahi, wanda mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, ya bar masa bashi da ƙanne mata. Annabi ya yi magana da masu bin bashin su sassauta, suka ƙi. Sai ya umarci Jabir ya ware dabinon gonarsu, kowane iri a tsibinsa, ya zo da kansa ya zauna aka yi ta awo har aka sallami kowa. Shugaban al'umma ne wannan, zaune a gonar maraya yana lura da biyan bashi. Da na tuna wannan sai na kalli ambulan ɗin da na ware kashi-kashi a kan teburina da wani ido daban.

Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, to shi ma ya zama wajibi. Suturta mamaci farilla ce a kan al'umma, in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A ƙasar da ba a haƙa kabari sai da koriyar takarda, wanda ya tsaya a layin ofishin rajista yana cikin wannan farilla kamar wanda ya riƙe makara. Biyan bashin mamaci shi ma wajibi ne da ya gabaci wasiyya da gado, kuma hadisi ya nuna ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Yaya za a biya bashin da ke cikin ambulan ɗin da ba a buɗe ba? Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Addinin da ya ba alƙalami wannan matsayi ba zai ɗauki cike fom don marayu a matsayin abin da bai kai ibada ba.

Akwai wani lissafi da ya kamata kowace ƙungiya tamu ta sani. Gwamnatin Birtaniya tana ba da tallafi ga wanda mijinta ko matarsa ta rasu alhali shi mai neman tallafin bai kai shekarun fansho ba, muddin marigayin ya biya kuɗin inshorar ƙasa gwargwadon da aka ƙayyade. Mai 'ya'ya ƙanana tana samun fam 3,500 a dunƙule, sannan fam 350 duk wata har wata 18. Wadda ba ta da su tana samun fam 2,500, sannan fam 100 duk wata. Amma sai an nema cikin wata 3 ake samun kuɗin cikakke, bayan haka yana raguwa, bayan wata 21 kuwa galibi ƙofar ta rufe. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Ke nan wa'adin hukuma yana cika ne tun mace tana ɗaki. Gaskiya ne malamai sun halatta wa mai takaba fita da rana don buƙata, kuma ana iya cike fom ɗin daga gida. Sai dai mu da muka san al'adarmu mun san yadda mace take jin nauyin a ce mijinta bai yi arba'in ba tana neman kuɗi. Idan muka yi shiru muna jiran ta fita takaba don kunya, kunyarmu ta ci haƙƙin marayu.

Me ya sa muke gudun wannan aiki, alhali muna rige-rigen zuwa jana'iza? Zan faɗi abin da na gani a zuciyata, kowa ya duba tasa. Jana'iza tana da lada sananne, ƙiraɗi ga wanda ya yi salla, biyu ga wanda ya raka har aka rufe, kuma ana gamawa cikin sa'o'i, kuma jama'a suna ganin ka zo. Aikin takardu kuwa ba ya ƙarewa a yini guda. Mutum zai yi minti arba'in riƙe da waya yana jiran a ɗauka, ba mai ganin sa, ba mai yi masa sannu. Sannan akwai tsoron zargi. Namijin da ya yawaita zuwa gidan mai takaba ya san abin da bakin mutane zai iya faɗa, wanda ya tambayi asusun mamaci kuma ya san za a iya cewa ido ya sa wa dukiya. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma maganinsa tsari ne: a je mutum biyu, mata su tsaya wa mata, a rubuta duk abin da aka yi. Hadisin da ya kwatanta mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da mai jihadi, ko mai tsayuwar dare da azumin yini, ya yi amfani da kalmar da ke nufin mai kai-komo. Ladan yana ga zirga-zirgar. Hausawa ma sun ce zumunta a ƙafa take.

Sai dai zan yi ƙarya idan na nuna cewa wannan aiki alheri ne zalla wanda babu haɗari a cikinsa. Bayan wasu watanni da gama na Manchester, labari ya bazu cewa na san kan takardu, sai aka kira ni Birmingham inda wani dattijo daga cikin iyayenmu ya rasu ya bar mata da ɗa guda mai karatu a jami'a. Na bi babbar hanyar M6 da jerin ayyuka a aljihuna, ina jin kaina gwani. Cikin kwana biyu na sanar da banki, na nema wa gidan ragin harajin da ya cancanta, na dakatar da duk abin da ake cirar kuɗinsa wata-wata. Cikin abin da na sa aka rufe har da layin wayar marigayin, don na ga asara ce a ci gaba da biya. Bayan mako guda yaron ya kira ni. Ya ce, "Kawu, kai ka sa aka rufe layin Baba?" Na ce ni ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Umma kullum bayan isha'i takan kira lambar, don in ba a ɗauka ba muryarsa ce take cewa a bar saƙo. Jiya ta kira aka ce babu lambar."

Ba abin da na iya mayarwa. Na tsimin musu 'yan fam kaɗan, na raba baiwar Allah da abu na ƙarshe da ya rage mata na muryar mijinta. Ban tambaye ta ba, domin a lokacin na daina ganin mutane, jerin ayyuka kawai nake gani. Daga wannan kuskure na fahimci cewa taimakon mai juyayi yana ba mai taimako iko, kuma iko a kan wanda ba ya iya musu amana ce mai nauyi.

Amanar tana da rassa. Na farko, mai taimako ɗan aike ne, shawara ta masu gida ce. Abin da yake da wa'adi a gaya musu wa'adinsa, abin da ba shi da gaggawa a bar shi sai sun shirya. Wasu ma suna son su yi wani ɓangare da hannunsu, domin hidimar ƙarshe ce da za su yi wa nasu, kuma ƙwace musu ita zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Na biyu, sirri. Wanda ya buɗe wasiƙun mamaci zai ga abin da ko matarsa ba ta sani ba, ko bashin da ya ɓoye don kunya, ko sadakar da yake aikawa gida a ɓoye. Malamai sun ce a zaɓi amintacce ya yi wa mamaci wanka, don ya rufe abin da ya gani. Takardun mutum su ma tsiraicinsa ne, hukuncin mai duba su hukuncin mai wanka ne. Na uku, kada kuɗin mamaci ya bi ta hannunka ko asusunka, kuma kada a ci gaba da amfani da katinsa ko da an san lambar sirrin. Bankuna galibi suna biyan kuɗin jana'iza kai tsaye daga asusun mamaci idan aka kai musu takardar kuɗin. Na huɗu, sanin iyaka. Matar da zamanta a ƙasar nan ya rataya a kan bizar mijinta tana cikin hali mai haɗari. Wadda mijinta ɗan ƙasa ne ko mai izinin zama na dindindin tana da hanyar neman nata izinin, wadda ta biyo ɗalibi ko ma'aikaci kuwa lamarinta daban ne. Nan ba wurin "na ji an ce" ba ne. Aikinka ka kai ta wurin lauya ko mai ba da shawara mai rajista, ko ofishin Citizens Advice, ka zauna kusa da ita.

Inda amanar ta fi tsanani shi ne gado. Idan mutum ya rasu a Ingila bai bar wasiyya ba, doka ta ba matarsa kayan amfaninsa, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage, sauran rabin na 'ya'ya. Iyayensa ba su da komai. A shari'a kuwa, idan akwai 'ya'ya, mata tana da ɗaya bisa takwas, uwa da uba kowanne ɗaya bisa shida. Da yake yawancinmu abin da muka tara bai kai wancan adadi ba, mace na iya wayar gari doka ta miƙa mata komai, alhali akwai tsohuwa a Katsina ko Maraɗi da Allah Ya yanka wa rabonta. A ɗaya gefen kuma, a watan Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a shari'ar Akhter da Khan cewa auren da aka ɗaura a Ingila a musulunce kawai, ba tare da cika sharuɗɗan dokar aure ba, ba aure ba ne a idon doka. Matar da ke cikin irin wannan hali na iya rasa ko tumunin da shari'a ta ba ta. Mai taimako yana tsaye tsakanin mace mai rauni a nan da dangi masu kira daga gida. Ba aikinsa ba ne ya zama alƙali, kuma ba aikinsa ba ne ya yi shiru. Ya faɗa wa kowane ɓangare gaskiya cikin taushi, ya haɗa su da malami da lauya, domin akwai hanyar da magada baligai za su iya sake rabo bisa yardarsu.

Wani zai ce, ashe ba mu mayar da tausayi aikin ofis ba? Ashe mai kuka ba ya fi buƙatar wanda zai zauna kusa da shi ya yi shiru? Ina amsawa da cewa lalle yana buƙata, kuma labarin layin waya shaida ne a kaina cewa aiki ba tare da zuciya ba yana cutarwa. Amma na lura da wani abu. Da yawa daga cikinmu ba mu iya magana a gaban mai baƙin ciki ba, mukan ce Allah Ya jiƙansa, mu sunkuyar da kai, mu tashi. Takardu sukan ba mu dalilin dawowa a mako na biyu da na biyar da na goma, lokacin da ƙafa ta ɗauke. A irin wannan zama ne, ana cike fom ana tambayar ranar aure da ranar haihuwa, Hajiya ta fara ba matata labarin yadda suka zo ƙasar nan da akwati biyu. Kukan da ba ta yi ba a gaban taro, a nan ta yi shi.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyoyinmu na Manchester da Birmingham da sauran garuruwa abu uku. A ware mutane kaɗan, maza da mata, waɗanda za su koyi wannan aiki tun kafin a buƙace su, a sanar da sunayensu kamar yadda aka san masu wanka. A ƙarfafa asusun jana'iza, don kada a riƙa yawo da ƙoƙon bara a WhatsApp gawa tana jira. Sannan kowannenmu ya tausaya wa wanda zai riƙe tasa ledar. Hadisi ya hori Musulmin da yake da abin wasiyya kada ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Ka rubuta ta yadda dokar ƙasar nan za ta karɓa, da shaidu biyu waɗanda ba su cikin masu cin gajiyarta. Ka rubuta a takarda guda bankinka, da wanda kake bi da wanda yake bin ka, da inda takardar aure take, da inda kake so a rufe ka. Ka zaunar da iyalinka ka nuna musu. Yin haka ba ya kiran ajali, kuma ba ya rage tawakkali. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ranar da matar aminina ta fita takaba, mun je da matata muka kai mata fayil guda, kowace takarda a gurbinta, an rubuta abin da aka gama da abin da ya rage. Ta buɗe, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam, wannan na ƙarshen ku bar mini, ni zan kira su da kaina." Wasiƙar mayar da hayar gidan da sunanta ce. Na miƙa mata alƙalamin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haskaka makwancinsu, Ya ba waɗanda suka bari haƙuri da mataimaka na gari. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa iyalanmu da masu riƙon amana. Amin.